Sallama bayan an shiga ɗaki

A shekarar 1994, ana shirin gasar cin kofin duniya a Amurka, reshen kamfanin McDonald's na Birtaniya ya ga hanyar burge masoya ƙwallo. Sai ya buga tutocin ƙasashe 24 da suka samu gurbi a jikin jakar takardar da ake zuba wa mutane abinci, har da tutar Najeriya, wadda zuwanta gasar na farko ke nan. Wajen jaka miliyan biyu aka buga. A cikin tutocin akwai ta Saudiyya, kuma ko yaron makarantar allo ya san abin da ke rubuce a jikinta: kalmar shahada. Ita kuwa jakar, da an cinye dankali an goge maiƙo, kwandon shara ta nufa. Musulmi suka yi ca, kamfanin ya janye jakunkunan.

Abin da ya fi ba da dariya shi ne yawan hannun da irin wannan aiki ke bi kafin ya fito. Mai zane ya zana, manaja ya duba, lauya ya sa hannu, jami'an hulɗa da jama'a sun zauna a ɗakin taro mai sanyi sun sha shayi sun yi tafi. Tambayar mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka yi tallan dominsu ce kawai ba ta cikin kasafin kuɗi. In ma akwai irinsa a ɗakin, ƙaramin ma'aikaci ne, ya ga oga na murmushi, shi ma ya washe baki.

Gwanayen wannan fage su ne Dolce & Gabbana na Italiya. A watan Nuwamban 2018 sun shirya gagarumin bikin nuna tufafi a Shanghai, suka ce bari su share fage da wasu gajerun bidiyoyi. An nuno wata 'yar ƙasar Sin cikin kwalliya tana fama da fiza da taliyar Italiya da tsinkayen nan biyu da Sinawa ke cin abinci da su, wata muryar namiji kuma na koya mata yadda ake yi cikin shaguɓe. Wato baƙo ya zo neman kuɗin mutanen gari, ya fara da koya musu cin abinci. Kafin ƙura ta lafa sai ga hotunan wasu saƙonni daga shafin Instagram na Stefano Gabbana, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ana zagin ƙasar Sin baki ɗaya. Kamfanin ya ce kutse aka yi masa. (Masu kutsen nan akwai sanin lokaci: ba sa shiga shafin babban mutum sai ranar da ya yi ɓaranɓarama.) Taurarin da aka gayyata suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka soke bikin ranar 21 ga wata, manyan kasuwannin intanet irin su Tmall da JD.com suka sauke kayan kamfanin. Bayan kwana biyu aka ga masu kamfanin su biyu zaune a gaban kyamara, fuska a murtuke, suna ba da haƙuri har da ɗan guntun Sinanci.

Shi ma ban haƙurin ya zama sana'a mai ƙa'idoji. Da farko a yi shiru, ko Allah zai sa wani ya yi abin da ya fi naka muni. In bai yiwu ba, a fitar da sanarwa cewa ba haka aka nufa ba, kuma ana takaici idan ran wani ya ɓaci, wato dai laifin na ran ne da ya cika saurin ɓaci. Daga nan a nemo wanda za a yanka. Otal-otal ɗin Marriott sun nuna yadda ake yi a Janairun 2018: sun aika wa abokan hulɗa takardar tambayoyi da ta lissafa Tibet da Taiwan da Hong Kong da Macau a matsayin ƙasashe, hukumomin Sin suka rufe musu shafin intanet na mako guda. Wanda ya rasa aikinsa a idon duniya kuwa wani ƙaramin ma'aikaci ne a Omaha, can jihar Nebraska, da ya danna alamar so a kan wani saƙon Twitter na masu fafutukar Tibet.

A wannan watan na Janairun 2018 dai H&M na Suwidin ya sa wa wani yaro baƙar fata riga mai rubutun da ke kiransa birin da ya fi kowa a daji. 'Yan jam'iyyar EFF suka hargitsa shagunansa a Afirka ta Kudu, kamfanin kuma ya ƙirƙiro sabon muƙami na mai kula da bambancin al'umma. Kujera ta ƙaru a ɗakin taro.

Ba kullum ne rashin tambaya ke jawo rigimar ba. A 2017 Nivea ya kafa alluna a Gana da Najeriya yana tallan man da ke ƙara hasken fata, da hoton wata tsohuwar sarauniyar kyau ta Najeriya. Aka yi ta tsine masa a intanet, ana cewa a sauke allunan. Sai dai duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari ya san man bilicin ba ya kwantai. A nan kam kamfanin ya yi tambaya, kasuwa ta ba shi amsa. Faɗar amsar a bainar jama'a ce ta zama abin kunya.

Su kuwa tsinkayen cin abinci, wata biyar kacal suka huta bayan rigimar Shanghai. A Afrilun 2019 Burger King ya fito da sabon burodi da nama mai ɗanɗanon Biyetnam a Niyu Zilan, ya tallata shi da bidiyon mutane suna kokawar kai shi baki da wasu zabga-zabgan tsinkaye. Aka yi ca, ya goge bidiyon, ya ba da haƙuri.