Kura da Ajiyar Nama, In Ji Ku

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce a ba ɗalibai kujera a kwamitin ladabtarwa na jami'a, kujera mai ƙuri'a ba ta 'yan rakiya ba, ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wani abokina lakcara ya zare tabarau ya ƙare mini kallo. "Haba Malam, kura za ka ba ajiyar nama?" Wata Hajiya mai 'ya'ya uku a jami'a kuwa cewa ta yi, yaran da sai an yi faɗa suke wanke kwanon da suka ci tuwo, su ne alƙalai? To, na ji. Ku gyara zama, yau da ku nake.

Tsoronku shi ne ɗalibi zai rufa wa ɗan'uwansa asiri. Da alama kun daɗe da barin ɗakin kwanan ɗalibai. Yaron da ya kwana uku yana karatu da fitilar waya, sauro na yi masa kiɗa, ya tsira da maki 48, sannan ya ga wanda ya shiga da 'yar takarda a safa ya tashi da 70, shi kuke zaton zai yi sassauci? Ni fargabata ma kada ya wuce gona da iri.

Ku leƙa Jami'ar Virginia a Amurka. A 1840 wani ɗalibi mai rufe da fuska ya harbe Farfesa John Davis har lahira. Irin waɗannan yaran ne, shekara biyu bayan haka, aka fara sa su rubuta alkawari a kan takardar jarrabawa cewa ba wanda ya taimake su. Sannu a hankali shari'ar ƙarya da sata da satar amsa ta koma hannun ɗaliban dungurungum: su ke bincike, su ke sauraro, su ke yanke hukunci. Kun san hukuncin da kurayen nan suka riƙe sama da shekara 150? Guda ɗaya tak, kora ta har abada. A 2001 wani malamin kimiyya ya sa kwamfuta ta kwatanta masa rubuce-rubucen ajinsa, ya miƙa wa kwamitin ɗalibai sunaye sama da ɗari. Fiye da 40 suka naɗe tabarma, har da waɗanda suka riga suka gama aka karɓe digirinsu. Sai a 2022 ɗaliban suka kaɗa ƙuri'a suka sassauta. Ina ajiyar naman da aka cinye?

Na san amsarku: can Amurka ne, ba nan ba. Madalla, mu dawo gida, mu ga yadda manya ke yi idan an bar su su kaɗai. A Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna. Aka kafa kwamitin bincike, aka ɗora mataimakin shugaban jami'a a kan kujerar shugabanci, alhali yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Aka kori ɗalibai. Lauya Gani Fawehinmi ya tsaya musu har Kotun Ƙoli, kuma a 1986 kotun ta rushe korar: ba a saurare su yadda ya kamata ba, mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da shi ne mai ƙara, kuma laifi irin na ƙone-ƙone na kotu ne, ba na kwamiti ba. Duk lauyan Najeriya ya san wannan shari'a da sunan shari'ar Garba. Kuma ku lura, ranku ya daɗe, masu furfura ne suka yi wannan tuntuɓen. Laifi tudu ne.

Na taɓa raka wani ƙanena gaban irin wannan kwamiti, a wata jami'ar da ba sai na kama suna ba. Zargin shi ne ya shiga jarrabawa ba katin shaida, wai ƙila wani yake rubuta wa. Muka zauna a benci a baranda tun hantsi har la'asar, shi cikin aron kaftani, yana ta murza hularsa a hannu. A ciki manya biyar suka yi ta tambayarsa ina katinsa. Kowane ɗan ajinsu ya san cewa rabinsu ba a ba su katin ba, injin bugawa ya lalace tun farkon zango. Da akwai ɗalibi ɗaya a teburin nan, da magana ta ƙare kafin a kawo ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An wanke shi dai, bayan mako shida.

Kada ku ce ban ba ku naku ba. Kuna da gaskiya a wuri uku. Idan aka ce shugaban ƙungiyar ɗalibai ne zai zauna, to an kawo ɗan siyasa, wanda ke lissafin ƙuri'a ko a wurin jana'iza. Sannan yaron da zai yanke wa ɗan ƙungiyar asiri hukunci da rana, da dare tare za su bi layin famfo. Ga kuma malamin da ke riƙe da sakamakonsa yana zaune kusa da shi yana gyaran murya. Maganin wannan ai ba rufe ƙofa ba ne. A zaɓo biyu ko uku daga wata tsangaya dabam, a koya musu ƙa'ida, a rantsar da su kan riƙe sirri, a ɓoye wanda ya zaɓi me. Abin da ba na so shi ne cikon benci, a kira yaro ya sha lemo ya sa hannu.

Da na gama wannan wa'azi sai na ƙara wa abokina lakcara labarin Bolonya ta Italiya, inda shekaru ɗari bakwai da suka wuce ɗalibai ne ke ɗaukar malamai aiki, kuma suna cin malami tara idan ya makara ko ya tsallake babi mai wuya. Ya yi shiru, ya dubi agogo. Ajinsa na ƙarfe goma ne, ga shi goma da kwata ta gota, kuma bai ko kai rabin kofin shayinsa ba.