Gaisuwar da Ta Cinye Kuɗin Taki

Mu mutanen Gaya muna da wata taƙama da ba ta tsufa: mu muka haifi Kano. Tun muna yara ake ba mu labarin maƙeran nan, Abagayawa, da suka tashi daga garinmu suka je gindin Dala neman tama, suka zauna, birni ya tsiro a wurin. Shi ya sa mutumin Gaya ba ya yarda a koya masa wayewa. In ka ce masa ga yadda ake yi, sai ya ce ai daga wajensu aka samo. Ni kuma ga wannan jini, ga allin koyarwa a hannu, ga babbar waya ta shafa a aljihu.

A cikin garin Gaya nake zaune, amma Inna da Yayana suna ƙauyenmu a ƙasar Ajingi, can ta wajen Toranke. Shekara da shekaru sabis a ƙauyen nan wuri ɗaya ya sani: wata ƙusa a jikin azarar zauren Baffa. A nan ake rataye wayoyin gida a cikin leda, wanda aka kira sai ya hau turmi ya yi magana yana ɗage, kada ya motsa. Hira ba ta tsawo. "Alo, kana ji na? Kowa lafiya. A aiko da..." sai ɗif. Na sha yi musu tsiya a kan haka, ina ce musu sun rataye duniya a ƙusa. Ana saura kaɗan in yi tafiyar da zan ba da labarinta, aka kafa ƙarfen sabis a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Har murna na taya su.

Tafiyar ta Maulidi ce zuwa Kaulaha a ƙasar Sanagal, garin Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975 amma har yau Kanawa ba su daina cika unguwarsa ta Madina Baye ba duk Rabi'ul Awwal. Kafin mu tashi, malamin da ya jagorance mu ya yi mana nasiha a taƙaice: da mun sauka Dakar kowa ya cire layinsa na gida ya sayi na can. Kowa ya ce to, ban da ni. Na gyara zama na yi wa ayari lacca. Na ce ai ƙungiyar ECOWAS ta zartar da doka tun Disambar 2017 cewa ɗan yankin zai iya yawo da layinsa ba tare da an yanke shi ba, kuma Turai ta riga ta yi haka tun watan Yunin shekarar. Ban yi ƙarya ba, dokar tana nan a takarda. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne, sai ƙasa da ƙasa sun zauna da kamfanoninsu sun aiwatar, kamar yadda Gana da Kwaddibuwa suka yi a 2023. Layin da ke cikin wayata bai taɓa jin labarin wannan taro ba.

A cikinmu akwai wani dattijo, dillalin shanu a karar Wudil, mai 'yar wayar nan ta tocila da aka ɗaure da kyauro. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ni dai ban yi boko ba, amma ban taɓa ganin inda aka sauki baƙo kyauta a kasuwa ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar tausayin wanda bai karanta ba. Da muka sauka ya kwance kyauronsa, ya naɗe layinsa na Najeriya a takardar goro ya cusa a hula, ya sayi na Sanagal. Ni kuwa ina kunna waya sai ga saƙo da Turanci, ana yi mini barka da zuwa Sanagal. Ƙasan gaisuwar akwai wasu lambobi da alamar naira a jere. Layin farko kawai na karanta, na zagaya da wayar ina nuna wa mutane cewa har an san na iso.

A Kaulaha Allah ya rufa mini asiri. Jama'a ta yi yawa, layuka suka cushe, ga zikiri dare da rana, babu mai lokacin waya. Sai bayan an gama, muka dawo Dakar muna jiran ranar jirgi, wani ya kawo shawarar a je a ga Gore.

Gore ɗan tsibiri ne da ke kallon Dakar, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwa. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa. Lunguna ne na rairayi tsakanin tsofaffin gidaje masu jan fenti da rawaya, furanni sun sauko ta kan katanga. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kogin Wudil in ya cika da damina, ga ni ruwa ya kewaye ni ta ko'ina, iska tana ƙoƙarin raba ni da hula. Na ciro waya don ɗaukar hoto, sai idona ya kai kusurwar sama: sandunan sabis a cike tam, a tsakiyar teku. A nan Shaiɗan ya same ni.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga filashin daga lambar Inna. Wanda bai san tarihin filashin ba yaro ne. Da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, naira 50 ake cajin minti ɗaya, ko da "alo" kawai ka ce, sai a 2003 aka fara lissafin daƙiƙa. A wannan tsadar muka koyi ƙa'idar da har yau ba ta canza ba: ƙarami ya ƙyasta, babba ya kira. Wanda yake ƙasar waje kuwa, a tsakiyar teku, ai babu babba kamarsa. Na kira.

Muryar Inna ta fito tangaran kamar tana gefena.

"Ɗan nan, kai ne? Kun sauka lafiya? Ya gajiyar hanya? Ya baƙunta? Ya ibada? An yi mana addu'a dai ko? Ya mutanen can? Ya ruwa?"

Na ce, "Inna, ruwa kam ga shi nan har ya yi yawa," na juya wayar wajen teku don ta ji ƙarar igiyar ruwa. Ta yi salati ta ce a kira mata Goggo ta zo ta ji. Aka tura yaro. Goggo tana bayan gida tana alwala, muka jira ta, ni da Inna, muna maimaita lafiya lau. Goggo ta zo ta faro gaisuwa daga tushe. Daga ita sai Baffa, wanda ba ya gaisawa sai ya haɗa da addu'a, kuma ba a katse shi. Daga Baffa sai matan Yaya, uwargida tukuna sannan amarya, kuma dole a daidaita tsawon gaisuwar kada a ce na nuna bambanci. Sai yara, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce "Kawu ina wuni" ya yi shiru yana numfashi a cikin wayar. Sai maƙwabcinmu da ya shigo aron galma, aka ce ai ba a bar shi ya tafi bai gaisa da mutumin teku ba. A zamanin ƙusa, da tuni layin ya yanke tun a "ya gajiyar hanya." Sabon ƙarfen nan ko tari bai yi ba.

Da na ga abin ya karɓu, sai na ce me zai hana su gani da idonsu. Na kunna data, na kira ɗan Yaya ta bidiyo a WhatsApp. Na nuna musu jirgin ruwa, na nuna musu tsohuwar igwa a kan tudu, na nuna musu wani mai zane da yashi, na nuna musu farantin shinkafa da kifi da ban ma saya ba. Ina wannan, wayar kuma tana nata aikin a ɓoye: duk bidiyon biki da wa'azi da muryoyin da aka tara a zaurukan 'yan'uwa da na tsofaffin ɗalibai tun ranar da na bar gida, ta buɗe baki tana haɗiya. Ina jin ta tana ƙyal-ƙyal da saƙonni, na ce a raina jama'a ce ke yaba hotunan da na ɗora.

Wuri ɗaya ne bakina ya mutu. A tsibirin akwai Gidan Bayi, ginin wajejen 1776, wanda saboda shi da tarihin wurin UNESCO ta sa Gore cikin kayan tarihin duniya a 1978. Masana suna jayayya kan yawan mutanen da aka fitar ta wannan gida, amma in ka sunkuya ka shiga ɗakunan ƙasa, masu duhu da danshi, ka ga 'yar ƙofar nan da ke buɗewa kai tsaye kan teku, lissafi ba ya zuwa maka a rai. Mandela ya zo nan, Obama ma ya tsaya a bakin ƙofar a 2013. Ni kuma da na iso, hannuna ya tafi aljihu zai kira Ajingi. Wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka tana tsaye a gefe tana share hawaye. Ta dube ni, ta dubi wayar. Na mayar da ita aljihu ban ce uffan ba. Kallon matar nan shi ne kaɗai rangwamen da na samu a ranar.

Da yamma wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai farawa da 221. Dillalin shanu ne. Ina hango shi a bakin gaɓa, jifa ɗaya tsakaninmu, har kyauron wayarsa ina gani. Ya ce, "Jirgi zai tashi," ya kashe. Daga baya na gane cewa kalmomin nan uku sai da suka je Najeriya suka nemo ni suka dawo Gore, shi ya biya kuɗin kiran ƙasar waje, ni ma da na ɗauka aka caje ni.

A cikin jirgi na zauna duba masu yabon hotuna. Babu ko mutum ɗaya. Banki ne, saƙo bayan saƙo, an cire, an cire, an cire. Tun da daɗewa na saita asusuna ya riƙa saka mini kati da kansa duk lokacin da ya kusa ƙarewa, kuma na sha yin alfahari da wannan dabara a ɗakin malamai, ina cewa ni na wuce kankare kati. Dabarar ta yi aikinta da gaskiya da riƙon amana. Abin da ya sa gumi ya karyo mini duk da iskar teku shi ne, yawancin kuɗin da ke asusun ba nawa ba ne. Yaya ne ya sayar da raguna a kasuwar Gaya ya ba ni ajiya, in na dawo in sayo masa takin noman rani a Kano, don a cewarsa kuɗi sun fi tsira a hannun mai ilimi.

Daren nan na kasa cin abinci, sai dillalin ya ja ni wajen masu tsire. A Dakar tsiren Hausawa sananne ne, suna kiransa dibi Hausa, kuma yawancin masu yinsa 'yan Nijar ne. Wanda muka samu Bamaraɗe ne. Yana barbaɗa ƙuli yana jin labarina, bai ko yi mamaki ba. Ya ce su da ke ƙetarawa ta Ɗan Isa da Jibiya, yaro ma ya san a cire layi kafin a wuce iyaka, wani lokacin ma tun ba ka ƙetara ba sabis ɗin ƙasar maƙwabta yake cafke waya. Ya ce, "Alhaji, layinka bafatake ne da ya sauka gidan fatoma. Kamfanin nan na Sanagal ya ba shi masauki, duk abin da ya saya ko ya sayar sai an cire la'ada, har baƙon da ya zo gaishe shi. Sai ya aika wa kamfaninku takarda da kuɗin waje, su kuma su ɗora nasu su miƙo maka da naira." Dillalin bai ce komai ba, sai tauna yake yana kallon bango. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Ni ne fa wanda, da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, na kusa shekara ina mita a majalisa kan 'yan nairori.

Na dawo gida da tsarabar da ba ta wuce carbi da turare ba. Na hau babur zuwa ƙauye ina ta tsara yadda zan faɗa wa Yaya. Na tarar labarina ya riga ni: Inna ta gaya wa duk wanda ya shigo gidan cewa ɗanta ya yi magana da ita daga tsakiyar bahar, har ta ji ruwan da kunnenta. Ƙorafinta ɗaya ne, na yi saurin kashewa, ƙanwarta da ke unguwar gabas tana hanya ba ta samu gaisawa ba.

Yaya ya saurare ni a zaure, ƙarƙashin azarar nan, yana ɓare gyaɗa. Da na gama ya ce, "Wato ragunan nawa gaisuwa aka yi da su." Na ce haka ne, Yaya. Ya ce, "Har da ni aka gaisa?" Na ce a'a, yana gona lokacin. Ya jinjina kai, ya ce to shi ke nan, tunda shi bai ci ba, sai a biya shi.

Muka yi yarjejeniya zan riƙa biya daga albashi, kaɗan-kaɗan, Baffa ne shaida. Ban san wanda yake gaya masa ranar da ake biyan malamai ba, amma alat ɗin banki bai taɓa shigowa da awa ɗaya ba tare da Yaya ya yi mini filashin ba. Ni nake kira.