Jaruman da Ba Sa Zare Takobi Sai Sun Ƙirga Kawuna

Tun watan Nuwamban 2004, lokacin da kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da wasan World of Warcraft, aka raba masu buga shi gida biyu, Alliance da Horde, aka kuma ɗora musu ƙin juna kamar gado. Har baki aka toshe musu: in ɗan wancan ɓangare ya rubuto magana, gwaranci kawai kake gani a allonka, don kada a yi kuskuren gaisawa. Mutum zai biya kusan dala 15 duk wata, ya zauna a kujera mai juyawa, ya rantse da takobinsa cewa shi ba abin da yake nema sai gumurzu na gaba da gaba. To amma ku sa ido ku ga abin da yake yi kafin ya shiga fage. Sai ya leƙa intanet ya binciko garin da 'yan ɓangarensa suka fi yawa, can zai kai kayansa. Rinjayen da ake ta kuka da shi, masu kukan ne suka gina shi da hannunsu, kowa ya kawo tubali ɗaya.

A ga abin da ya faru a 2019, da aka dawo da tsohon zubin wasan da sunan Classic. An raba duniyar wasan gari-gari, wasu garuruwan kuma an halatta kisa a kusan ko'ina cikinsu. A watan Nuwamba aka soma ba da maki da muƙami ga wanda ya kashe abokin gaba, alhali ba a buɗe filayen dagar da ake shiga da adadi daidai ba. Nan fa jarumtaka ta nuna ainihin kamanninta. Inda ɓangare ɗaya ya fi yawa, sai ka ga runduna guda ta yi sansani a tashar sauka ko a mashigar dutsen Blackrock, tana dakon bawan Allah ɗaya da ya fito neman abin kansa. A kashe shi, ya tashi, a sake kashe shi, kowa ya koma yana ba da labarin yadda aka sha artabu. Waɗanda aka mayar nama suka gaji, suka tattara komatsansu suka yi hijira zuwa inda su ne masu yawa, su ma suka kafa nasu shingen. Garin da aka soma da ɗan rinjaye sai ya wayi gari kusan kowa ɗan gida ɗaya ne, mafarauta dubu ba ko zomo. Kamfanin ya gaggauta buɗe filayen daga a Disamba, sai ga sabon kuka: filin Warsong Gulch na son mutum 10 a kowane gefe, na Alterac Valley na son 40, kuma ɓangaren da ya tara jama'a dole ya bi layi har a samo masa abokin faɗa. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi, amma shi ne ke tsaye a layi kamar mai jiran fetur, 'yan tsirarun nan kuwa suna zuwa ana buɗe musu ƙofa.

Za a ce ba laifin 'yan wasa ba ne, kamfani ne ya fifita wani ɓangare. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wasu jinsunan Horde an ba su baiwar da ke amfani a faɗan mutum da mutum, kamar matattun da ke iya kakkaɓe tsoro daga jikinsu, sannan a 2007 aka ƙara musu wasu kyawawan aljanu masu dogayen kunnuwa, waɗanda suka jawo duk mai ƙyamar zama ƙaton dodo kore. Sai dai baiwar nan 'yar daƙiƙoƙi ce a cikin faɗa, ba za ta mayar da rago gwani ba. Aikin da take yi shi ne ta jawo gwanayen da ke auna komai da sikeli, su kuwa sauran, 'yan bi Yarima a sha kiɗa, su biyo sawu don a ce su ma suna gidan gwanaye. Ɗan fifikon da kamfani ya shuka bai kai cikin cokali ba, masu tururuwa ne suka mayar da shi tulu. Wani kuma zai ce shi abokansa ya bi, ba nasara ba. Madalla. Abin mamakin shi ne yadda zumunci a wannan duniya yake da alƙibla ɗaya tak. Da wuya ka ji rundunar da ta kwashe kayanta ta koma ɓangaren da ake dukansa don ta taya wani amini zaman makoki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai cewa kuɗinsa ya biya don ya huta, bai ga dalilin da zai dawo daga aiki a yi ta tattaka shi ba. Wannan ba mai musa masa, da a nan ya tsaya. Amma shi ne dai wanda zai cika duniya da ƙorafin cewa wasa ya mutu, ba abokin karawa, a kawo masa maƙiya. Yana son maƙiyi mai yawan da zai hana shi jiran layi, mai ƙarancin da ba zai iya kayar da shi ba, kuma wani ne daban zai ɗauki nauyin zama wannan maƙiyin.

Kamfanin ya gwada lallashi iri-iri, kuma jerin dabarunsa ya isa shaida kan halin abokan cinikinsa. A 2015 ya ƙirƙiro aikin sojan haya, inda mai gajiya da layi zai yi ɓad-da-kama ya yi wa abokan gaba yaƙi, aka kuma samu masu yi, waɗanda jiya suke kirarin a mutu a kan tuta. A 2018 aka koma ba da toshiya a fili: ladan da ake ƙara wa mai yarda a far masa a daji kashi 10 cikin 100 ne, amma na ɓangaren da ya yi ƙaranci yakan haura har 30. A 2021, da layin Horde ya ƙi motsi a zubin wasan mai suna Burning Crusade Classic, sai aka haɗa su faɗa da junansu, aka rufa wa rabi fuska da hoton abokan gaba don a san wa za a sara. A 2022 aka yarda 'yan ɓangarorin biyu su haɗa tawaga ɗaya su shiga kogon dodanni, shekara 18 bayan an hana su ko sallama. Da aka buɗe wani zubin wasan mai suna Season of Discovery a ƙarshen 2023, kamfanin ya daina roƙo, ya sa mai gadi a ƙofa: ɓangaren da ya fara rinjaye a gari, a rufe rajistarsa har ɗayan ya kamo. Nan ma aka yi ta tsaki, domin an tauye wa jarumai 'yancinsu na shiga inda aka fi yawa.