Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam X Na Littafin Lissafi

Malam X,

Na rubuto maka ne daga ƙasar Ɗambatta, a madadin iyayen yaran da ke shirin WAEC da NECO, domin ka hana gidajenmu sakat da bin diddigin shekarun mutane.

Dubi irin abin da kake aiko mana: wai shekarun Malam Audu sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 kuma za su ninka sau biyu, a nemo shekarun kowa. Da farko dai, a nan ba a cewa "nan da shekara 12" sai an haɗa da "in Allah ya kai mu". Wa ya ba ka tabbacin Malam Audu zai ga kaka mai zuwa? Sannan ga Audu ga ɗansa, me ya hana a yi sallama a tambaye su?

Ban raina aikinka ba. Yaro zai ajiye ka a gurbin shekarun ɗan, uban ya zama 3x. Bayan shekara 12 ɗan yana da x + 12, uban yana da 3x + 12, sai a rubuta 3x + 12 = 2(x + 12). A buɗe baka, a kwashe 2x da 12 daga kowane ɓangare, ka fito tsirara: 12. Uban 36 ke nan, kuma in an kai lokacin ɗaya na da 48, ɗaya 24. Inda ake zubar da gari shi ne yaro ya ƙara wa ɗan 12 ya bar uban a tsaye, sai ka ga Malam Audu ya wayi gari da shekara 72. Wani kuma ya manta da baka, amsa ta ba shi sifili, ba uba ba ɗa.

Ainihin ƙorafina shi ne kana shigo mana kamar baƙo, alhali dattawanmu sun daɗe suna aiki da kai ba su san sunanka ba. Tsohon da ya ce an haife shi saura shekara uku a kashe Sardauna, ai x + 3 = 1966 ya faɗa. Inna za ta ce an kai ta ɗaki shekarar da aka bar fam aka koma naira, wato 1973. Da aka buɗe shirin ilimin firamare na UPE a 1976, yaron da ba a san shekarunsa ba sai a sa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne. In ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya. Waɗannan su ne yau ke zuwa kotu neman takardar rantsuwar shekaru, shi ya sa masu ranar haihuwa 1 ga Janairu suka yi mana yawa.

Akwai kuma inda za mu kayar da kai. Taƙamarka ita ce tazarar uba da ɗa ba ta canzawa har abada. To, in uban yana ƙirga da azumi, ɗan yana ƙirga da kalandar boko fa? Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta boko da kusan kwana 11. Duk shekara 33 uban ya ci ribar guda. Dattijon da ya ce 66 gare shi, a takardar asibiti 64 ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Na ji an ce kakanka Alkawarizmi ne, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. To, Malam, nan ne muke neman ka. Daga Bichi har Minjibir gona na manne da gona, babu sauran daji, kuma wadda kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ne birjik a kanta. Mutum ya rasu ya bar mata biyu su raba tumuni, da 'ya'ya maza da mata, namiji na da rabon mace biyu, ga bashin taki ba a biya ba. Ka ƙyale Malam Audu ya tsufa cikin rufin asiri, ka zo ranar da za a ja igiya. Ka taho da takalmin roba, akwai ƙarangiya.

Naka,
Wani manomi mai 'ya'ya a sakandare