Yadda na karɓi sadaka a Birnin Gwari

Abokina na ƙuruciya ne ya bugo waya ya ce ni zan karɓa wa ɗansa aure a Birnin Gwari. Na ce masa ai ya iya zaɓe, domin malamin tarihi irina, mai tsayi da murya, ba a kowane gida ake samunsa ba. Sai da na ajiye wayar na tuna da hanya.

Daga Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce kawai. Ka fita ta Mando, ka wuce Afaka, sai Buruku, sai Udawa, sai Kuriga, ka faɗa Birnin Gwari. Amma kowa ya san abin da waɗannan sunaye suka zama a bakin mutane. An yi shekaru motoci ba sa bi sai da rakiyar sojoji, kuma a Kuriga aka kwashe 'yan makaranta a watan Maris na 2024. A Nuwamban shekarar ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Abokina ya rantse mini cewa yanzu har da dare ana bi. Na ce masa to, a zuciyata kuwa na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ko da yake ni a rediyo kawai ya sare ni.

Sai na zauna na tsara dabara, irin wadda sai mai ilimi. Na ji ana cewa masu garkuwa da sutura suke yi wa mutum kuɗi. Don haka na ɗauko tsohuwar rigar da yara ke goge mota da ita, da silifas na bayan gida, da 'yar ƙaramar waya da na share duk lambobin cikinta don kada a sami wanda za a kira. Babbar rigata ta shadda da hula da takalmi na naɗe su na cusa a buhun taki. Kuɗi kuma na ɗinke a ƙugun wando. Da na fito, uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wallahi sun karɓe ka." Har yau ban yanke hukunci a kan abin da take nufi ba.

Dabarar ta ci tun a tasha, kuma cin nata ne ya dame ni. Ɗan kamasho ya ce, "Baba, matsa can baya," ya dunƙule ni tsakanin wata tsohuwa da wani mai kaji. Babu ranka ya daɗe, babu sannu Malam. Na daure har Buruku. Daga nan na ji ba zan iya bari bayin Allah su sauka suna zaton da jahili suka yi tafiya ba. Na yi gyaran murya na sanar da su cewa wannan titi da suke gani duk ramuka, kafin a gina Abuja shi ne babbar hanyar Kaduna zuwa Ikko: ya bi ta Pandogari da Kagara da Tegina, ya gangara Mokwa, ya tsallake Kwara a Jebba, ya nufi Ilori. Na ce garin da za mu ma sabo ne, titi ya biyo, Tsohuwar Birnin Gwari tana can ta ɓangaren hanyar Funtuwa. Ganin babu wanda ya hana ni, na shiga dajin Kamuku: tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara, a da har giwaye da gwanki ke yawo a ciki.

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa zuwa ne?" Na ce na karanta. Ta ce ita tuwo ta sayar wa direbobin Ikko a bakin titin nan tun ina zanen goyo, kuma ba ta taɓa jin wanda ya auna dajin ba. Mai kaji kuwa bai yi dariya ba. Ya kalli rigata, ya kalli silifas, ya ce a hankali, "Mutum da wannan shiga, ya san daji haka, har inda ya ɓulle." Motar ta yi tsit. Na ga wata mata ta janye jakarta. Ni da na fito ina gudun 'yan bindiga, kafin Udawa an mai da ni mai kai musu rahoto.

Mun ɗan wuce Udawa sai na ji ƙara, fam! Motar ta yi tangal-tangal ta tsaya. Yadda na tsallake tsohuwa da kejin kaji na fita, wannan sai dai a tambaye su. Na dai tsinci kaina cikin ciyawa ina gudu irin wanda ban yi ba tun ina firamare. Silifas ɗaya ya tsinke, ɗayan na bar wa ƙaya, ƙarangiya ta yi wa wandona ado, daga ƙarshe na rufta wani kwazazzabo. Da na ɗago kai sai ga shanu, ga yaro da sanda a kafaɗa, bai fi shekara goma sha biyu ba. Na ɗaga hannu sama na ce ni leburan gini ne, maraya, ba ni da kowa a duniya. Bai tambaye ni komai ba, amma na farke ƙugun wando da haƙori da farce, kuɗi suka zube, wandon ma ya nemi bin su. Yaron ya tsuguna ya tattara, ya miƙo mini. "Baffa, tayarku ce ta fashe. Ga titi can." Na waiga. Ashe zagaye na yi. Motar tana nan jifa ɗaya, fasinjoji sun jeru a bakin kwalta suna kallo, har da direban wata tirela da ya tsaya musamman. Iyayen irin yaron nan su ne aka fara kore wa shanu a dajin tun kafin mu na birni mu san ana yi, ga shi ni na zo har gabansa na ba shi sarautar ɗan fashi.

Amfanin abin ɗaya ne: zargi ya tashi daga kaina, don mai kaji da kansa ya ce ba a ɗaukar matsoraci irina wannan aiki. Tsohuwa ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sha, Farfesa."

A Kuriga wani ya sauka da buhunansa. A Birnin Gwari na gane cewa buhun taki duk kamarsu ɗaya. Nawa ya tafi, an bar mini na barkono.

Na ciro waya in kira abokina, babu lamba ko ɗaya, aikin hannuna. Da tambaya na kai ƙofar gidan, ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya da buhu. Jama'a sun cika, manyan riguna sai ƙamshi. Na tunkari samarin da ke rabon goro na ce ni ne wakilin ango. Suka yi dariya mai daɗi, ba ta wulaƙanci ba, ɗaya ya kama hannuna ya zaunar da ni a inuwa cikin mabarata, ya ce a kawo wa Baba shinkafa. Daga nan nake ji ana cigiyar Malam daga Kaduna, ana cewa ko hanya ce ta riƙe shi, har kawun yaro ya karɓi auren aka shafa fatiha. Shinkafar dai na cinye, don yunwa ba ta san wakili ba.

Can sai ga abokina yana bin layinmu yana rabo. Ya zo kaina, bai ko dubi fuskata ba, ya danƙa mini naira 500 ya ce a sa wa yara albarka. Na karɓa na fara addu'a. Na roƙa wa ango da amarya, na haɗa da masarauta tun daga tsohon gari, na bi ta kan manoman masara da direbobi, ina shirin shiga Kamuku sai ya tsaya cak ya juyo. "Malam? Kai ne?"

Ya ara mini riga da ta tsaya mini a gwiwa, da ita aka yi hotuna. Shaddata, in ka ga wani manomi a masallacin Juma'a na Kuriga yana jan ta a ƙasa, ka gaishe shi. Naira 500 kuma abokina ya ce in dawo masa da ita tunda bisa kuskure ya bayar, ni kuwa na ce addu'a an riga an yi, kuma maganar tana nan ba mu gama ba.