Mun Sayar da Wake, Mun Ba Yaro Kuɗin Gari

Mu dai mutanen Kurfai akwai wata dabara da muka ƙware a kai, ban ga wanda ya kamo ƙafarmu ba. Oktoba na kamawa ake komawa lakwal, a daidai lokacin ne kuma wake ke shigowa gida daga gona. Sai mu buge shi, mu sheƙe, mu auna da tiya, mu ɗora a amalanke mu kai kasuwa. Ɗan kasuwa ya saye, ya cika buhuna, mota ta ɗauka ta yi kudu da shi. Daga cikin kuɗin mu zaro jika biyu mu miƙa wa yaron da zai koma kwaleji ko lise a Filinge, ko wanda ya ci bak zai wuce jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, mu ce: "Ungo, ka riƙa cin abin kirki, ka ji ko?" Shi kuma ya je ya sayi garin rogo da sukari da ganyen shayi. Ranar da ya zo hutun Disamba, wuya ya ƙara tsawo, wando na zamewa, sai mu jeru a gindin bango muna kaɗa kai, wai boko cin mutum yake.

Boko bai ci kowa ba, jama'a. Mu ne muka sayar da abincin yaron muka ba shi canji.

Ba gaba nake da garin rogo ba, kada masu sayar da shi su tare ni a hanya. Ya yi wa ɗalibai rana tun daga Shikal har Yamai: ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da tukunya, ga shi ba ya saurin lalacewa. Sai dai rogo ba shi da wani abin gina jiki na a zo a gani, kusan duk sitaci ne, kuma daga Benin da Najeriya ake hauro da mafi yawan garin. A jiƙa shi da ruwa da sukari a kora, ciki ya ɗauka an ci wani abu, ƙarfe goma na yi mushe yana rubutu a allo yaro yana gyangyaɗi. Wannan garin dai, in aka yayyafa masa ruwa kaɗan, aka daka ƙuli-ƙuli aka zuba, aka yanka albasa da tumatir, aka sa ɗan mai da yaji, ya zama abinci, kuma bai ci maka minti biyar ba. Waken da muka sallama kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa abin gina jiki ne. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, Najeriya kaɗai ke gabanmu. A ce ɗan manomin wake ne ke kwana da ruwan gari, ai gara a yi dariya tun ba a kai ga kuka ba.

In ka tsaya wajen famfo da la'asar za ka ji maganar ta rabu biyu. Tsofaffi sun ce yaran yanzu ragwaye ne, an ba su komai sun kasa hura wuta. Iyayen yaran kuma sun ce ina lokacin yake. Ni ina bayan iyayen, amma ba duka ba. Gaskiya ne ranar ɗalibi a matse take. Ya tashi da asuba, ya yi salla, ya ɗebo wa gidan da aka sauke shi ruwa, ya taka zuwa lakwal, ya dawo rana ta take, da dare ga bitar karatu, ga jarrabawar watan Yuni tana jiran sa. Tun da rashin tsaro ya rufe makarantun ƙauyuka da yawa a jihar Tillaberi, yaran da ke zaman aro a gari sun ƙaru, wani gidan ma baƙin sun fi ƴan gida yawa. Wa zai ce wa irin wannan yaro ya yi tuwo? Surfe, wanki, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, kafin a zo ga miya an kira isha'i.

Wata tsohuwa a layinmu ce ta warware mini abin, ranar da na tarar da ita tana ɗaure ƙullika za ta aika wa jikanta. Na ce, "Inna, wannan kaya haka, aure za a yi?" Ta ce, "Ɗan nan, girki ba ya cin lokaci, turmi ke ci. Na ci masa turmin, shi sai ya ji da tukunya." Ƙulli ɗaya garin ɗan wake ne, an haɗa wake da rogo da kuka an niƙa tare. Ɗaya garin kunu ne da citta da kanumfari a ciki. Ga gumba, ga busasshen zogale, ga ƙuli-ƙuli dakakke, ga yaji, ga daudawa. Ba kwabo ko ɗaya na kuɗi a ciki, amma ban ga jika goman da za ta saya masa irin wannan cin ba.

Ɗan wake na fi so mu tsaya a kai, don shi ne muka fi rainawa, muna ganin abincin ƴan talla ne. A ɗora ruwa. Kafin ya tafasa an kwaɓa garin da ɗan ruwan kanwa. A riƙa gutsura ana jefawa, in ya taso sama a ba shi ƴan mintoci a tsame. Mai, yaji, albasa, in da hali ƙwai ɗaya, wanda za a iya dafawa a cikin wannan ruwan. Daga kunna wuta zuwa wanke hannu bai fi minti ashirin ba, kuma wanda ya ci shi da rana ba zai nemi komai ba sai magariba. Kanwar nan ma ta gida ce, daga ƙasan Dallol Boso ake haƙo ta, dallol ɗin nan da muke zaune a bakinsa. Amma mu da ita akwai wuce gona da iri. Muna zuba ta a wake don ya yi saurin nuna, har ya koma baƙi yana warin sabulu, alhali yawanta na kashe wasu bitamin na cikin abincin. Wanda ya jiƙa wakensa tun dare ba ya buƙatar ta sai ɗan kaɗan.

Akwai kuma dabarar da ta fi dacewa da mai zuwa aji. Waken da ya kwana a ruwa, a ɗora shi da asuba ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, a zuba shinkafa ta sake tafasa, sai a sauke tukunyar a rufe da murfinta, a nannaɗe ta da tsohon bargo a tura cikin kwali ko kwando. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa aikin. Yaro ya dawo ya tarar da shinkafa da wake ta nuna, ya ɗan ɗumama, ya zuba mai da yaji. An rage gawayi, ba ƙonewa, ba wanda ya zauna gadi. Sharaɗi ɗaya ne: a ci ranar. Dafaffiyar shinkafa ba ta kwana lafiya a zafin Afrilu na Filinge, wanda ya yi gardama zai yi jarrabawa a bayan gida.

Kunu ba sai na koya wa kowa ba. Abin da zan ce kawai, kofi ɗaya na kunun hatsi da tsamiya, da ƙosai na dala ashirin, ya fi gutsuren burodi da ruwan shayi riƙe ciki. Mu ne muke ganin hatsi abincin ƙauye ne, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don shi da danginsa. A 2018 kuma masu bincike na ICRISAT da ke Sadore tare da INRAN suka fitar da irin hatsin nan mai suna Shakti, mai yawan sinadarin ƙara jini, kuma a Nijar aka fara sakin irinsa a duk Afirka.

Ganye kuwa, nan ne yaranmu maza ke yamutsa fuska. Zogale, tafasa, rama, yakuwa, wai abincin mata ne da na shekarar yunwa. To ku je Yamai ku ga manyan ma'aikata na tsayawa da mota suna sayen kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto, da dambun da ake ci a bukukuwan masu kuɗi. Busasshen zogale ba ya son firiji, ba ya son komai sai ruwan zafi. A tafasa, a matse, a zuba ƙuli da albasa. In an haɗa shi da garin rogon nan da muka fara zance a kai, to an rufa wa garin asiri. Lokacin sanyi kuma lambunan dallol ba sa rowa: dankalin turawa na Bonkuku na cika kasuwa, ga kabeji da tumatir da salati har Balayara. Dankali biyar a tafasa, a ci da yaji da mai, wannan ma sai an je makarantar koyon girki?

Ta wajen nono ma ba mu da bakin kuka. Garken gwamnati na Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak tun 1954, ga shi nan arewa da mu kaɗan, ga Fulani da Buzaye na kawo nono da cuku. Cuku ba ya saurin lalacewa, ɗalibi na iya ajiye shi cikin jakar littattafai. Gumba da nono kuwa ko wuta ba sa nema. Madarar da aka tatso yanzu dai a tafasa ta kafin a sha.

Yanzu ga inda na rabu da iyayen yaran na koma bayan tsofaffi. Wanda ya ce ba ya da lokacin girki, ku bi shi fada da dare. Zai hura gawayi da fifita, ya wanke ƴan kofuna, ya ɗora buta, ya yi ta ɗaga hannu sama yana tsiyaya har kumfa ya tashi. Na farko, na biyu, na uku, awa biyu ta tafi. Gawayin da ya dafa shayin nan ya isa ya dafa ɗan wake sau biyu. Ka ce masa, "Kai, ɗora tukunya mana," sai ya ce, "Haba Kawu, ni da girki? Abokaina su gan ni?" To mai shayin bakin tasha mace ce? Mai tsire fa, da mai soya ƙwai? Namiji na girki a ƙasar nan tun kakanni, in dai za a biya shi. Kansa ne kawai yake jin kunyar dafa wa. Laifin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, mu ne muke korar sa daga madafa tun yana ɗan shekara bakwai, muna ce masa ɗan daudu. Sai ya kai sha uku mu tura shi gari shi kaɗai, bai san yawan ruwan da shinkafa ke sha ba.

Shayin ma ba haramun ba ne, a dai san lokacinsa. Mai kauri in an sha shi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙara jinin da ke cikin wake da hatsi. A ba shi tazarar awa guda. Tumatir ɗanye da lemun tsami su kuma taimakawa suke.

Ƴan mata tasu matsalar daban ce, kuma ba ta da ban dariya sosai. Su sun iya girkin, shi ya sa gidan da aka sauke su ke sakar musu tukunya gaba ɗaya. Yarinya ta dafa wa mutum goma, ta ci ƙarshe, ta buɗe littafi barci ya kwashe ta. Ita ce kuma ta fi kowa buƙatar wake da ganye, don ƙarancin jini ya fi kama mata. Mu da muke karɓar ɗiyan dangi a gidajenmu, a riƙa tunawa karatu aka aiko su.

Waɗanda suka kama ɗaki su uku ko huɗu, ko a nan ko a Yamai, sun fi kowa sauƙi in sun haɗa kai: kowa ya kawo abin da aka ba shi daga gida, a yi karo-karo na mai da gawayi, yau wannan ya dafa gobe wancan. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙaramar tukunyar gas ta shiga ɗakunan ɗalibai da yawa a Yamai. A nan kuwa itace da gawayi ne har yanzu, kuma murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ya fi duwatsu uku tattalin itace. Kada dai a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa don ana sanyi, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Sai maganar magi, wanda yaranmu ke jefa uku a tukunyar mutum biyu su kuma ƙara gishiri. Shi kansa cike yake da gishiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, duk da na cikin miya. Daudawa da albasa na nan, su suka riƙe miyarmu kafin a kawo shi.

Saboda haka bana, kafin a ɗora buhunan wake a amalanke, a cire tiya uku a ajiye gefe. Biyu a kai inji a haɗa garin ɗan wake, ɗaya a bar shi tsaba. A shanya zogale, a daka ƙuli. Yaron kuma, namiji ne ko mace, kada ya hau mota sai ya dafa wa gidan abinci sau ɗaya da hannunsa, kowa ya ɗanɗana.