Janar na Teburin Cin Abinci

Bazazzage, yaron Kanawa! Tun dawowata daga ziyarar da na kai maka Ingila nake haɗiye maganar nan, yau ta ƙi wucewa.

Mun tura ka karatu, muna ta baza labari cewa yaronmu ya kusa zama dakta. Ashe kana can ka ƙwace wa uwargida teburin cin abinci, ka gina birnin Warso da kwali da gam, rusassun benaye har da tulin ɓaraguzai. Ni baƙo guda a ƙasa aka ajiye min tuwo, wai kada miya ta ɗiga a Tsohon Gari. Da idona na gan ka, tabarau a karan hanci, harshe a waje, kana shafa wa sojan roba da bai kai ɗan yatsa ba fenti fari da ja a damtse. Da furfurarka, Malam!

Wasan wai shi Bolt Action. A zuba 'ya'yan lido a jaka a laluba, wanda launinsa ya fito shi ke motsa dakarunsa, a ɗauko tef irin na tela a auna inci nawa soja zai gudu. Ka yi wuf ka zaɓi Jamusawa don su ke da tankoki. Abokin karawarka, yaron nan ɗan Foland, ya ɗauki mayaƙan Armia Krajowa masu kwalaben fetur da bindigogi ƙirar gida. Kafin shayinka ya huce ya ƙone maka tanka a lungu, ka miƙe kana rantsuwa lido ne ya ci amanarka.

Ai ka kafa tarihi. Mayaƙan nan na Armia Krajowa sun tayar wa Jamusawa bore a Warso da ƙarfe biyar na yamma ranar 1 ga Agusta 1944, suna sa ran sojan Sobiyat za su ƙetaro kogin Bistula cikin 'yan kwanaki. Sojan suka ja birki a ɗaya gaɓar. Kwana 63 'yan boren suka yi suna fafatawa, yawancinsu ko bindiga babu, har motar sulke suka ƙera, Kubus, a kan babbar motar Chevrolet. Ranar 2 ga Oktoba suka miƙa wuya. Wato yaƙin da Jamus ta ci a fili, shi aka cinye ka a falo.

Zagaye na biyu ka ce a yi musanya, nan na kusa shaƙewa. Wai ka tura dakarunka ta magudanar ƙazanta su ɓullo a bayan abokan gaba. Kai? Kai da ko lambatun Sabon Gari sai ka toshe hanci ka tattare babbar riga? Waɗanda suka bi ramukan nan a farkon Satumba, da Tsohon Gari ya faɗi, dubbai ne, a duƙe cikin duhu, suna ratsa ƙazanta, ba halin tari saboda Jamusawa na kasa kunne a bakin murfi da gurneti. Kai kuwa lido ka jefa, huɗu ta fito, ka ce sun fita lafiya.

Wuri ɗaya dariyata ta tsaya. Da ka ce za ka saye sojojin Dirlewanger na ɓangaren Jamus ka fente, yaron ya ce shi ba zai zauna tebur ɗaya da su ba. Suna cikin waɗanda suka kashe fararen hula dubu 40 zuwa 50 a unguwar Wola cikin 'yan kwanaki. Ka yi tsit, ni ma haka.

Kada kuma ka ce mana gado ka yi. Ɗan Najeriyar da ake dangantawa da boren, August Agboola Browne mai laƙabin Ali, makaɗi ne haifaffen Legas, an kafa masa dutsen tunawa a Warso a 2019. Ban ji an ambaci Tudun Wada ba.

Ka mayar wa baiwar Allah teburinta. Cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharar bana ba na karɓar sojan roba.